Barajin South Fork: daga hanyar jirage zuwa tabkin shaƙatawa

Jihar Pensilbaniya ta Amurka ta kammala wannan baraji na ƙasa a 1853, domin ba hanyar jiragen ruwa ruwa. Da jirgin ƙasa ya kashe hanyar, aka yi watsi da shi. A 1879 wata ƙungiyar attajirai, wadda su Carnegie da Frick suka shiga, ta saye shi don kamun kifi. Suka rage tsayinsa don keken doki ya wuce, suka sa raga a mafitar ruwa kada kifi ya tsere. Ran 31 ga Mayu 1889 baraji ya ɓalle, mutum 2209 suka halaka a Johnstown da kewaye. Lauyoyin ƙungiyar suka ce "aikin Allah" ne. A lura, a shari'arsu wannan lafazi ba ta'aziyya ba ne, hujja ce ta kauce wa diyya. Kotu kuwa ba ta sa ƙungiyar ta biya ko dala ba.