Guntun Gatarinka: Tarihin Wutar da Masana'antu ke Samar wa Kansu a Nijeriya

Gabatarwa

Jama'a da dama na zaton cewa gazawar NEPA ce ta koya wa masu masana'antu girka injin wuta a harabarsu. A wannan maƙala za mu nuna cewa al'adar ta girmi hukumar kanta, sa'an nan mu duba wanda ta raya da wanda ta bari a baya. Abin da muke nufi shi ne wutar bayan mita, watau wadda ɗan kasuwa ke samarwa a wurin aikinsa ba tare da ta biyo ta mitar kamfanin lantarki ba.

Mafari

A cikin shekarun 1920, kamfanonin haƙar kuza na ƙasar Jos suka bukaci ƙarfin da zai juya injunansu, alhali kuwa babu wayar gwamnati a kusa. Sai suka sarrafa ruwan da ke gangarowa a Kwall. A 1929 kamfanin NESCO ya kama aiki a Kurra, domin dai ma'adinan. Ashe ke nan masu sana'a ne suka riga gwamnati kai wuta wannan yanki.

Zamanin Hukuma

Dokar 1950 ta kafa hukumar ECN, aka gama madatsar Kainji a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗe ECN da Hukumar Madatsun Kwara, aka sami NEPA. Bisa wannan alkawari ne masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka bunƙasa. Da wuta ta soma yankewa, sai injin da aka ajiye don ko-ta-kwana ya zama shi ne madogara. Kuɗin man dizal ya hau kan kowane yadi, ga kuma atamfar waje mai araha. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Komawa Gida

Dokar 2005 da sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 ba su kawar da wannan hali ba. Manya suka tsaya da ƙafarsu, kamar masana'antar siminti ta Dangote a Obajana, mai tasharta ta iskar gas. Ƙanana kuwa sai da farashin faifan hasken rana ya sauko suka sami kafa, kamar yadda aka soma haska rumfunan kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018.

Kammalawa

Hausawa kan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tarihin nan ya gaskata su, amma ya kuma nuna mana cewa ba kowa ke iya sayen gatarin ba. Muddin tela da mai niƙa da mai walda ba su sami rancen da za su mallaki nasu ba, to, wutar bayan mita za ta ci gaba da zama katanga tsakanin mai jari da maras shi.