Ikon Majalisa na Bincike da Makomar Ɗan Tayi Bayan Ɓari: Nazari Daga Wudil

Tsakure

Maƙalar ta ɗora binciken Majalisar Wakilan Amurka kan cinikin sassan ɗan tayi a kan ma'aunin dokokin Najeriya, ta kuma nuna cewa abin da ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kano ta bi diddiginsa shi ne izinin mai jiki da rubutacciyar shaidarsa.

Gabatarwa

A watan Oktoban 2015 Majalisar Wakilan Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin Marsha Blackburn, bayan fitar wasu bidiyoyin sirri da suka zargi ƙungiyar Planned Parenthood da sayar da sassan ɗan tayi. Dokar ƙasar ta 1993 ta haramta cinikin, amma ta halatta karɓar kuɗin ɗawainiyar adanawa da jigila. A kan wannan siririyar iyaka aka yi ta ja-in-ja har rahoton ya fito a Janairun 2017, 'yan jam'iyyar Dimokurat na kwamitin suka ƙi amincewa da shi.

Yanayin Kano

Tamu matsalar daban ce. Sashe na 232 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai in don ceton ran uwa ne. Abin da ke kai mace asibiti a Wudil, galibi, ɓari ne da zubar jini, a yi mata wankin ciki. To, abin da aka fitar, ina yake zuwa?

A gida amsar a bayyane take. Ungozoma kan wanke mabiyiya, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne. Ɗan tayin da bai yi kuka ba, a mazhabar Malikiyya, ba a yi masa salla, amma ana naɗe shi a ƙyalle a rufe shi da ƙasa, don jikin ɗan Adam ne. A asibiti kuwa, uwar na kwance jiri na ɗibarta, mijin na waje da takardar magani a hannu, kunya ta hana kowa tambaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta neman izini kafin cire wani sashe na jiki, ta kuma haramta cinikinsa. Sai dai izinin da ba a rubuta ba, ba ya da mai tsaya masa ranar da gardama ta tashi.

Kanawa sun ga haka a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 masu sanƙarau a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano (IDH), 11 suka rasu. Kwamitin da ya binciki gwajin ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, amma jama'a ba su ji abin da ke ciki ba sai a 2006, ta bakin jaridar Washington Post. Sulhun dala miliyan 75 da Pfizer bai zo ba sai 2009, bayan zargin da ake yi wa gwajin ya riga ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Sashe na 128 da na 129 na Tsarin Mulkin 1999 sun bai wa majalisar jiha ikon bincike da kiran shaidu. A ganina, kwamitin lafiya ya fara da rajistar ɗakin haihuwa na asibitocin ƙananan hukumomi irin Wudil: wa ya sa hannu, da wane harshe aka yi wa mace bayani, wa aka miƙa wa abin binnewa. Sunayen matan kuwa a sakaya su, domin in aka tona su a zauren majalisa, wadda ke zubar jini gobe za ta zaɓi zama a ɗaka.