Sawaba: Lokacin da Hanyar Goro ta Zama Hanyar Bindiga

A wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya kamata mu waiwayi wani tarihi da ya ratsa zangonninmu, wanda matasanmu na Nima da Mamobi da yawa ba su taɓa ji ba.

A ranar 28 ga Satumba 1958 Faransa ta yi ƙuri'ar raba-gardama a ƙasashen da take mulka. Shugaban gwamnatin Nijar na lokacin, Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, ya ce a ƙi zama ƙarƙashin Faransa, a karɓi 'yanci nan take. Ya sha kaye, mulki ya koma hannun Diori Hamani na RDA, a 1959 kuma aka haramta Sawaba. Ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta samu 'yancin kai, Djibo yana gudun hijira. Daga baya ya yada zango a nan Ankara, inda Kwame Nkrumah ya ba shi mafaka.

Ƙarfin Sawaba talakawan birni ne: direbobi, 'yan ƙwadago, ƙananan 'yan kasuwa da 'yan ci-rani, wato irin mutanenmu. An tura samarinta koyon yaƙin sunƙuru a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya, wasu kuma a sansanonin cikin Gana. Shi ya sa gwamnatin Yamai ta kira su 'yan gurguzu.

A Oktoban 1964 suka kutsa Nijar ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, ta hanyoyin da fatake suka saba bi da goro da shanu. Sun zaci mutanen karkara za su tashi su mara musu baya. Ba haka aka yi ba. Gwamnati ta sa sarakuna da 'yan bangar jam'iyya suka tara ƙauyawa, aka yi ta farautarsu a daji. An kashe wasu, an kama da yawa, an harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin Idin Babbar Sallah, aka jefa wa Diori gurneti. Ya tsira, amma wani yaro ya rasu.

In giwaye suka yi faɗa, ciyawa ke shan wuya. Mutumin da ya koma gida daga Gana da 'yar jakarsa sai ya zama abin zargi, a tsare shi, a zazzage kayansa, a tambaye shi wa ya aiko shi. Zumuncin ƙasashen biyu ya lalace har Diori ya ƙaurace wa taron shugabannin Afirka na Ankara a Oktoban 1965. Da sojoji suka hamɓarar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, aka miƙa wa Yamai wasu 'yan Sawaba, Djibo ya tsere Gini.

Iyayenmu, masu son Djibo da masu son Diori, sahu ɗaya suke yi a masallaci, rumfa ɗaya suke ciniki, kuma rikicin bai tambayi kowa jam'iyyarsa ba kafin ya tsayar masa da kasuwa. Don haka muke roƙon kowane ɗan ƙungiya: ka riƙe takardunka cikakku, kada ka ɗauki saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba, ko na ɗan'uwa ne. Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.