Fina-finan ban tsoro da ban dariya a kan iyaye

Wannan reshe ne na fina-finan ban tsoro da ke cuɗa firgici da raha, inda abin gudun yake uwa ko uba. Ya fi ƙarfi a Amurka. A fim ɗin Parents na Bob Balaban (1989), yaro ne ke zargin iyayensa da ciyar da shi naman mutane. Mom and Dad na Brian Taylor (2017), wanda Nicolas Cage da Selma Blair suka fito a ciki, ya wuce nan: wata irin hauka ta kama iyayen gari guda, kowa na farautar 'ya'yan cikinsa, na maƙwabta kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Masu suka na cewa dariya a kan cutar da yaro rashin imani ne, kuma tana rage wa laifin nauyi. Sukar tana da tushe, sai dai ta kuskure wanda ake yi wa dariyar. Ba a dariyar yaron. Babban da ya fake da sunan tarbiyya shi ake tona wa asiri, da gajiyarsa da baƙin cikin da kunya ta hana shi furtawa. Mai sauraron tatsuniya a Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela ya san dabarar: marainiya na shan wuya a hannun kishiyar uwa, amma muguwar ce ke kunyata, yara na ƙyaƙyatawa. Bambancin shi ne tatsuniya takan ɗora muguntar a kan kishiya, ta kare mutuncin mahaifiya, fina-finan kuwa mahaifan suke tuhuma kai tsaye.