Shaɗaranji da Dara: Tarihin Yadda Ake Zama Gwani

Bahaushe yana da kalma ɗaya, watau dara, wadda yake kiran wasanni da dama da ita. Akwai darar da ake zuba 'ya'ya gida-gida. Akwai kuma ta gurabe talatin, wadda ake tona layi biyar na ramuka shida-shida a ƙasa, wannan ya ɗauki tsinke goma sha biyu, wancan ya ɗauki tsakuwa goma sha biyu, kowa na neman ya jera uku don ya cinye ɗan abokin karawarsa. Da wasan ces ya shigo makarantun boko sai aka raɗa masa darar Turawa. Sunan bai dace ba, domin ba Turawa suka ƙago wasan ba, kuma da suka iso ƙasar nan sun tarar da shi.

Asalin wasan daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6 na Miladiyya. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi suka kira shi shaɗaranji. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ne aka fara mai da shi fannin ilmi, kuma abin da malaman wasan suka yi a can ya isa a dakata a kansa, domin shi ne tushen duk wata hanyar koyo da ake bi har yau.

Abu na farko, sun rubuta. Al-Adli ya wallafa littafi a kan shaɗaranji wajen shekarun 840, sa'an nan As-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya wallafa nasa, ya bi na Al-Adli yana gyara inda ya ga kuskure. Cikin littattafan akwai abin da suka kira ta'abiyya, watau yadda ake jera runduna a farkon wasa. Akwai kuma mansuba, watau wani hali da aka ɗauko daga ƙarshen wasa aka ajiye wa ɗalibi, a ce masa ya nemo hanyar ci. Wata mansuba ta As-Suli, mai sarki biyu da waziri biyu kurum a kan allo, ta gagari masana kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya warware ta. Mutumin da ya iya barin irin wannan ɗaurin gwarmai ba da yawan buga wasa kaɗai ya kai can ba.

Abu na biyu, sun kasa 'yan wasa aji biyar. Na ƙoli su ne aliyat, kuma ba su taɓa yin yawa a zamani guda ba. Wanda ke bi musu sai gwani ya cire dakare ɗaya daga rundunarsa kafin su fara. Na uku a cire masa waziri, wanda a wancan zamani taki ɗaya kurum yake yi a karkace, na huɗu a cire doki, na biyar a cire ruhu, wanda ya fi kowa ƙarfi a allon. Hikimar abin a fili take. Ɗalibi ba ya ƙaruwa da abokin wasan da ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, haka kuma ba ya ƙaruwa da wanda yake lallasawa kullum. Rangwamen yana daidaita su, ya kuma zama ma'auni: ran da ɗalibi ya fara cin malaminsa a kan rangwamen doki, sai a rage masa zuwa na waziri, kowa ya san ya haye aji.

Wasan ya ƙetaro Sahara, ya sauka a Barno, ƙasar da ta daɗe da hanyar fatauci zuwa Tarabulus ta Bilma da Fezzan. Barebari suka kira shi tsatsarandi, suka kuma naɗa wa 'ya'yansa sarautun fadarsu: sarki ya zama Mai, waziri ya zama Ciroma, ruhu ya zama Kaigama. C. K. Meek ya ba da labarinsa a mujallar Man a 1934, P. G. Harris ya ƙara bayani a 1939, a lokacin kuwa waɗanda suka iya shi 'yan ƙalilan ne, wasan yana gab da bacewa.

Dalilin bacewarsa ba ya rasa nasaba da fiƙihu. Imamu Malik ya ƙi shaɗaranji, Risalar Ibn Abi Zaid kuwa, wadda babu zauren karatun da ba a biya ta daga Sakkwato zuwa Kukawa, ta hana shi tare da nardu. Shafi'awa sun sassauta muddin babu caca, amma ƙasar nan ta Malikawa ce. Saboda haka masu alƙalami, waɗanda su kaɗai za su iya kwafar littafin Al-Adli su karantar da shi, su ne suka fi kowa nisantar allon. Wasan ya tsaya a hannun 'yan fada, ana koyonsa da ka, kuma abin da ke ka yana bin mai shi kabari.

Dara ba ta gamu da wannan ƙaddara ba, domin ba ta bukatar allon sassaƙa, kuma ba ta fada ba ce. Daga Magajin Gari ta Birnin Gwari har Maraɗi, inuwa da ƙasa mai laushi sun ishe ta. Dakarkarin Zuru sun shahara da ita, Zabarmawa kuma suna da tasu da suke kira dili. Makarantarta ita ce majalisa. Yaro yakan daɗe a tsugune yana kallo kafin a ba shi tsinke, yana jin 'yan kallo na gardamar inda wane ya yi sake tun wajen shuka 'ya'ya, har dara ta ci gida. Wannan gardama ita ce bitar wasa, kuma tana da amfani ƙwarai. Rauninta ɗaya ne: da an tashi sai a shafe gurabe da tafin hannu. Majalisa kuwa tana bukatar zaman lafiya. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna tayar da ƙauyukan dajin Birnin Gwari sun watsa mutane, kuma ƙauyen da ya watse ba gonaki kaɗai ya bari ba.

Ces na zamani ya biyo ta Turai, inda wajen 1475 aka mai da waziri sarauniya mai dogon taki. An kafa hukumar duniya, FIDE, a Faris a 1924, ta Nijeriya kuma a 1975. A 1970 FIDE ta karɓi lissafin Arpad Elo, wanda ya mai da ajujuwan Bagadaza lambobi: wanda ya fi abokinsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na sakamakon wasanninsu. Dokar gasa kuma ta wajabta wa ɗan wasa ya rubuta kowane taki, nasa da na abokinsa.

A nan ne ɗan kulob mai matsakaicin ƙarfi yake da abin dubawa. Wayar hannu ta ba shi abokan wasa dare da rana ta Lichess da Chess.com, sai ya buga wasa ashirin na minti uku-uku, ya kwanta bai waiwayi ko ɗaya ba. Ya koma shafe gurabe ke nan, ga shi kuma babu 'yan kallon da za su yi masa gardama. Wasu kuma sukan ƙare ƙarfinsu wajen haddace buɗe wasa, alhali yawancin cin da ake yi musu daga sakin doki ne a tsakiya, ko rashin sanin yadda sarki da dakare ɗaya suke kai wa gaci. Kwamfuta, wadda ta kayar da Kasparov tun 1997, za ta nuna masa takin da ya fi, amma ba za ta gaya masa abin da ke ransa sa'ad da ya ɓata ba. Wannan sai ya zauna da takardar wasansa, ya fara nemo kuskuren da kansa, ya kai wa wanda ya ɗara shi kaɗan su yi gardama, sa'an nan ya tambayi na'ura.