Ma'aunin Gini da Keken Guragu: Nazarin Shigar Masu Lalurar Tafiya Ƙananan Gidajen Wasan Kwaikwayo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙa'idojin gini da ake bi don sauƙaƙa wa masu lalurar tafiya shiga ƙananan gidajen wasan kwaikwayo, masu ɗaukar 'yan kallo 50 zuwa 300, sannan ta gwada su da yanayin ƙasar Hausa. Abin da ta tarar shi ne an yanka ma'aunan daidai jikin kujera mai taya irin ta asibiti, alhali da yawa daga cikin guragunmu keke mai ƙafa uku suke tuƙawa da hannu.

Gabatarwa

Ta fuskar doka magana ta ƙare. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, a sashe na 30, ta ambaci gidajen wasan kwaikwayo da sunansu cikin wuraren da dole a buɗe wa kowa. Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Abin da ya rage shi ne: da wane ma'auni za a yi gyaran, kuma don jikin wa?

Hanyar Bincike

An ɗauki ma'aunan 2010 na dokar naƙasassu ta Amurka, wadda aka kafa a 1990, saboda suna fayyace komai da lamba. An bi su mataki-mataki kan hanyar da ɗan kallo ke bi daga bakin titi zuwa mazauninsa, zuwa ban ɗaki, har zuwa dandamali.

Sakamako da Tattaunawa

Ma'aunin ya ce tsayin santimita 1 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 12. Ke nan matakala 3 masu santimita 15 kowacce za su ci mita 5.4 na fili, dandamali mai santimita 60 kuwa mita 7.2. A ƙaramin zaure wannan ba ƙaramin fili ba ne, shi ya sa magina kan taƙaita gangarar, ta koma tudun da ko mai turawa sai ya yi nishi. Ƙofa kada ta gaza santimita 81, wurin juyawa mita 1.5, dokin ƙofa kada ya wuce milimita 13. Zaure mai kujeru 51 zuwa 150 zai ware wa masu kujera mai taya gurbi 4, mai 151 zuwa 300 gurbi 5, kowanne da kujerar ɗan rakiya a gefensa.

Dokin ƙofar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Maginin gargajiya ba don ado yake ɗaga shi ba, don ya tare ruwan damina ne kada ya ci gindin bango. Gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda mai zanen gini ɗan Amurka Steven Ehrlich ya tsara a shekarun 1970, ya nuna cewa fasalin gidan Bahaushe, da bangon ƙasa da zagayayyun ɗakuna kewaye da tsakar gida, yana iya zama dandalin wasa. Duk mai son bin wannan fasali a yau dole ya sasanta ruwa da taya. Hanyar ita ce a karkata daɓen waje ya zubar da ruwa nesa da ƙofa, a haƙa lambatu a rufe shi da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, sai a sauke dokin ƙofar. Tsakar gida mai rairayi ma haka: tana da daɗin rawa, amma taya nutsewa take yi. Siririyar hanya ta daɓe ta wadatar.

Babban giɓin yana ga keken kansa. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe. Waɗanda cutar ta taɓa tun suna yara su ne matasa da magidantan yau, su ne kuma 'yan kallo. Keken da masu walda ke ƙera musu ya fi kujera mai taya tsawo, tayar gaba ce kaɗai ke karkata, don haka ba ya juyawa a inda yake tsaye. Gangara mai kwana da aka gina daidai ma'auni tana iya gagararsa, haka ma gurbin zama mai zurfin mita 1.2. Mai shi zai bar keken a waje ya ja jiki zuwa ciki, a gaban jama'a. A ganin wannan bincike, gini da ya cika ma'auni amma ya kai mutum ga haka bai biya buƙatar dokar ba. Ɗaukar mutum cak a haura da shi matakala, duk da kyakkyawar niyyar masu yi, yana zubar masa da girma, ga kuma haɗarin faɗuwa.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙaramin gida ba. A miƙar da gangara ba kwana, a sa layin gaba da na tsakiya su zama na kujerun da ake ɗagewa, a ajiye kujera mai taya ta aro a bakin ƙofa tare da rumfar ajiye kekuna kusa da hanyar fita, saboda gobara. Ban ɗaki yana buƙatar masai na zama da ƙarfen riƙewa, da famfo ƙasa-ƙasa, da daɓe busasshe, domin mai jan jiki da hannunsa yake taka wurin. Kafin a zuba siminti, a gayyaci ƙungiyar guragu ta garin su shigo da kekunansu, a zana hanyar da toka a ƙasa, a auna ta da tayarsu. Wannan awo ya haɗa har da ƙofar bayan dandamali da ɗakin sauya kaya, tun da a cikin guragun akwai 'yan wasa da mawaƙa.