Baka da Karyayyen Ƙashi

Jama'a, mu mutanen 'Yankuzo da Tsafe mun gaji kwari da baka tun kaka da kakanni. A Tafkin Kwatto, cikin 1804, 'yan baka ne suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa, alhali jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne. Maharbanmu kuwa da kibiya mai dafin kwankwani suka ci da iyali.

Amma baka hannu biyu yake so, ɗaya ya tokare, ɗaya ya ja tsirkiya, nauyin kuwa a kafaɗa yake sauka. In ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, ba ya karɓar karan ɗori, sai a rataye hannu makonni. Maharbin da ya yi gaggawa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

To, wanda hannunsa bai komo ba fa? Cikin 1948 likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbi a asibitin Stoke Mandeville, a Ingila, ta mutum 16 da suka naƙasa, suna harbi daga keken guragu. Nan wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. Yau akwai masu jan tsirkiya da haƙori. Matt Stutzman, Ba'amurken da aka haifa ba hannuwa, da ƙafa ya riƙe baka ya ci zinariya a Faris cikin 2024.

Saboda haka kada maharbinmu da ya karye ya sayar da kwarinsa. Ya yi haƙuri ƙashi ya kama tukuna.